Wacce Mota Ce Ta Fi Ƙarko? Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu guda suke: wacce mota ce za ta kai mutum ta dawo da shi lafiya, wacce ce kuma za ta mai da shi ɗan zaman gareji. Na zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Ni malamin sakandare ne a Zariya, na daɗe ina tara kuɗin motata ta farko. Mahaifina ya ce lallai Fijo 406 zan saya, domin shi 504 ya riƙe fiye da shekara ashirin, ba ta taɓa kwana da shi a hanya ba. Abokaina kuma sun ce in ba Corolla ba gara in haƙura. Kai da ka riƙe motoci iri-iri, wacce ce ta fi yi maka ƙarko?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka gaishe min da mahaifinka, ka ce masa abin da ya faɗa a kan 504 gaskiya ne. Ita ce motata ta farko ni ma, ta hannu na saye ta, kuma har gobe in na ga guda ta ɗauko buhunan hatsi ranar kasuwa sai na bi ta da kallo. A 1968 Faransa ta fito da ita. A 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot, wato Fijo, a Kakuri da ke Kaduna, aka ci gaba da haɗa 504 a can har bayan shekarar 2000, alhali a Turai an daɗe da barin ta. A wannan 1975 ɗin dai ita ce ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya, inda laka da duwatsu ke karya motoci. Tayoyin baya ne ke tura ta, cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ƙafafunta suna shanye rami ba tare da fasinja ya ji a jikinsa ba. Injinta na kafireta ne, babu kwamfuta, babu tarin wayoyi.

Amma akwai abin da masu yabon 504 suke mantawa. Ba wai ba ta tsayawa ba ne. Tana tsayawa, sai dai tsayawar ba ta daɗewa. Gwamnati ita take saye wa ma'aikatanta, 'yan haya ita suke lodi da ita daga Kano zuwa Jos, daga Sakkwato zuwa Kwanni, saboda haka duk garin da ka shiga akwai bakaniken da ya san ta ciki da bai, akwai kuma mai shagon da ya ajiye fulogi da fanbel da kayan birkinta. Rabin ƙarkon da mahaifinka yake tunawa na ƙarfen ne, sauran rabin kuma na waɗannan mutanen ne.

Na ƙara gane haka da motocin da suka biyo baya. Na riƙe Honda Accord ƙirar farkon shekarun 1990, wadda ake kira Hala. Ba a taɓa buɗe injinta a hannuna ba, juye kawai da kula da ƙafafu, har na sayar. Bayanta na sayi Marsandi mai V-boot, kuma a cikin duk motocina babu wadda ta kai ta daɗin tuƙi a doguwar hanya. Ƙarfenta kuwa ba a magana. Sai aiki ya kai ni wani ƙaramin gari inda babu wanda ya san ta. Wani mai wayarin ya sa hannu a wayoyinta don ƙaramar matsala, ya yanke nan ya haɗa can, daga ranar ba ta sake zama daidai ba, kuma duk ɗan abin da ake nema sai an aika Kano an jira. Motar ba ta yi laifin komai ba. Da a Kano ko Kaduna nake zaune, watakila da har yanzu tana ƙofar gidana.

In ka matsa min sai na kama suna, to Corolla ce, ƙirar Amurka ta 2003 zuwa 2008. Injinta 1.8 ne, sarƙa ke juya shi maimakon bel, giyarta otomatik mai hawa huɗu ce mai haƙuri, ba ta shan mai sosai, kuma yau ita ce ta gaji matsayin da 504 take da shi a da: babu garin da za ka rasa bakanikenta, babu kasuwar kayan gyaran da za ka rasa kayanta, daga Ƙofar Ruwa a Kano har Panteka a Kaduna. In ka tashi sayarwa ma ba ka neman mai saye.

Ita kuwa 406, suna ɗaya suke da 504 amma ba halitta ɗaya ba. A 1995 ta fito, tayoyin gaba ke jan ta, injekta ce, kwamfuta ke sarrafa injin, bel ne kuma ke juya shi, wanda in ya tsinke a guje yakan lanƙwasa bawul ya ja maka babban aiki. Mota ce mai daɗi, mai riƙe titi, an haɗa ta a Kaduna ita ma, amma ba ta yafe wa mai gyaran kame-kame. Kai da ke Zariya kana da sa'a, domin yankinku bai rasa ƙwararrun bakaniken Peugeot ba. In ita za ka saya, ka nemi mai silinda huɗu, mai giyar hannu, ka bar V6 mai silinda shida ga masu hali. Ka sa a ɗaga bonet a duba wayoyin, in ka ga an nannaɗe su da salatif ko'ina, ka yi sallama ka tafi. Ranar da ka biya kuɗi, ka canza bel ɗin nan, kome mai motar ya rantse maka a kai.

Ga hukuncina. In kuɗinka ya kai Corolla mai lafiya har ya yi saura, ita za ka saya. In kuma Corollar da kuɗinka zai iya saye wadda ta gama kabu-kabu ce aka yi mata fenti, to 406 mai tsabta a hannun mutum ɗaya ta fi ta nesa ba kusa ba. Dukkansu biyun tsofaffi ne yanzu, sun doshi shekara ashirin ko sun wuce, don haka hannun da suka fito ya fi tambarin da ke gabansu muhimmanci. Kada kuma ka zuba duk abin da ka tara a kan sayen. Ka rage na taya da batir da juye da takardu, domin watan farko ba ya zuwa hannu rabbana.

Tambaya: Malam, motata tana yawan zafi in na shiga cunkoso. Bakanikena ya ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasar sanyi aka yi shi, ba don zafin Maiduguri ba. In yarda?

Amsa: Kada ka yarda, Alhaji. Wannan al'ada ta kashe injuna a ƙasar nan fiye da yadda ramukan hanya suka kashe, kuma tana ba ni takaici domin da kyakkyawar niyya ake yin ta. Irin motocin da muke hawa ana sayar da su a Saudiyya da Dubai, inda zafi bai gaza na Borno ba, kuma da tamostat ɗinsu suke yawo.

Aikinsa shi ne ya tare ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe ruwan ya zaga lagireto. In aka cire shi, inji yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da safe a lokacin hunturu. Kwamfutar motar sai ta ɗauka har yanzu a sanyaye yake, ta ci gaba da ƙara masa fetur. Ka ga ana shan mai a banza, a wannan zamani da kowa ya san yadda farashin lita ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Fetur ɗin da bai ƙone ba kuma yana wanke baƙin mai daga jikin silinda, ringi na ci a hankali. Fankar da aka haɗa kai tsaye ita ma ba ta hutawa, rana ɗaya za ta ƙone ba tare da ka sani ba, kuma a tsakiyar cunkoson za ta yi maka haka.

Mafi muni, ainihin ciwon yana nan ba a taɓa shi ba. Motar da ke zafi a cunkoso ta huce a buɗaɗɗiyar hanya, fanka ake fara tuhuma, ko abin da ke kunna ta. Daga nan a duba lagireto ko ya toshe, a duba murfinsa, domin murfin ne ke riƙe matsin da ke hana ruwa saurin tafasa, kuma kuɗinsa kaɗan ne. A duba famfon ruwa. In tamostat ɗin ne ya maƙale, a sa sabo mai kyau. Sannan ka daina zuba ruwan rijiya ko na burtsatse, yana barin ƙasa-ƙasa da tsatsa a hanyoyin ruwan. Ka sa a wanke, a zuba kulant, wato ruwan sanyaya inji na musamman. In bakanikenka ya ƙi jin wannan bayani, ka nemi wanda ke da na'urar kwamfuta ta duba mota, ka ci gaba da gaisawa da na farkon da mutunci.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Katsina. Na ga Pontiac Vibe ta kwanta min, amma ƙanen mijina ya ce kamfanin ya mutu, ba zan samu kayan gyara ba.

Amsa: Hajiya, rabin maganarsa daidai ne. An rufe Pontiac a 2010. Sai dai Vibe 'yar'uwar Toyota Matrix ce, a wata masana'anta ta haɗin gwiwar Toyota da General Motors a jihar Kalifoniya aka ƙera ta, kuma injinta da giyarta na Toyota ne, irin na Corolla. Duk mai gyaran Corolla zai gyara miki ita. Abin da ya bambanta shi ne fitilu da bamba da wasu sassan bodi, su ma ana samu a Kano. Ki zaɓi mai injin 1.8, ki kauce wa wadda tayoyi huɗu ke ja, domin ƙarin kayan da ke ƙarƙashinta ƙarin kashe kuɗi ne da ba kya buƙata tsakanin gida da asibiti. Allah ya sa alheri.

Tambaya: Yallaɓai, dillali ya kawo min biyu: Camry Muscle ta 2008 da Honda Accord ta 2004, wadda ake kira EOD. Ya ce dukkansu 'yan Kwatano ne, ba a taɓa hawa a nan ba. Ni ɗan kasuwa ne, kullum ina hanyar Gusau zuwa Kano.

Amsa: Kowacce tana da inda ake duba ta, kuma abin sananne ne. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai injin 2.4 ta yi suna wajen shan baƙin mai, matsalar daga fistin da ringinsa take, har kamfanin Toyota da kansa ya amince da ita ya yi wa mutane gyara a Amurka. Ba kowacce ce ke yi ba, amma ba a ganewa da ido a filin dillalai. Ka je da sassafe kafin a tayar da ita, ka tsaya a bayanta a kunna, ka ga ko salansa za ta fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Ka sa a kwance fulogi a ga ko sun yi baƙi da maiƙo. In ka saya, sandar auna baƙin mai ta zama abin da kake dubawa duk mako. In da hali ka ƙara kuɗi ka nemi ta 2010 ko 2011 mai injin 2.5, hankalinka zai fi kwanciya.

Accord ɗin kuwa injinta na 2.4 jarumi ne, shi ma sarƙa ce. Wurin tsoro ƙafar gaba ce. Duk wanda ke bin hanyoyinmu ya taɓa ganin irinta a gefen titi taya ɗaya ta turgude ta kwanta. Boljoyin na ƙasa ne ke ɗauke da nauyin, ramuka na dukansa, in robarsa ta yage ƙasa ta shiga sai ya ci, sannan a sa na jabu mai araha. Wanda ke sa na ainihi yana kuma dubawa a kai a kai ba ya ganin wannan. Ka guji V6 ta 2003 da 2004, giyarta ta ba mutane wahala. Man giya kuma na Honda kawai ake zuba mata, kada wani ya ce maka duk jan mai ɗaya ne. Don doguwar hanya irin taka, ni Camry zan ɗauka in ta ci jarrabawar hayaƙin nan.

Sai batun Kwatano. A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta sa dokar hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, don haka duk motar da aka ce maka daga can take, takardun kwastan za ka fara tambaya kafin launi, ka kuma tabbatar da su a ofishin kwastan da ƙafarka. Ana kuma wanke motar da ta yi shekaru a nan, a cire lamba, a jera ta cikin sababbin shigowa. Ka dubi robar fedar birki da sitiyari da kujerar direba, su ba sa ɓoye shekaru ko da an juya mita baya. Ka tuna mitar motar Amurka mil take ƙirgawa, kowane mil kuma ya kai kilomita 1.6. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujeru da ramin safaya, in ka ga tsatsa ko busasshiyar laka, motar ambaliya ce, kome araharta ka bar ta. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana jikin gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka kwafe ta ka ba wanda ya iya bincike a intanet ya ciro maka tarihinta, ko ta yi hatsari, ko mil nawa ta yi kafin a ɗoro ta a jirgi. Bakaniken da zai raka ka kuma ya zama naka, kai za ka biya shi, ba wanda dillali ya kira ba.