Yaya, ga amsar maganar abin wuyan kare mai shokin

Yaya barka da warhaka, ya Kano ya iyali. Abin wuyan nan da ka gani a Facebook kace in saya in aiko ma, na san shi, kuma gaskiya ba zan aiko ba, amma tunda ka tambaya wai mu nan ba da shi muke ladabtar da karnuka ba, kuma wai ai ba mugunta bane tunda Turawa ne suka ƙera shi, bari in yi ma bayani yadda abin yake a wajenmu.

Kala uku ne ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Akwai sarƙa mai zarge wadda in kare ya ja sai ta shaƙe shi, akwai mai haƙoran ƙarfe ta ciki da ke datse fatar wuya, sai kuma naka ɗin mai batir da rimot, wanda ƙarafa biyu ke taɓa fatar maƙogwaro, kana danna maɓalli wuta ta ja shi. Masu talla za su ce ma ɗan motsi ne kawai ba zafi. Toh in ba zafi me zai sa kare mai ƙarfi da ya taso da gudu ya tsaya cak? Aikinsa kenan, ya ji abin da ba ya so har ya riƙa tsoron sake ji.

Nan Wales inda muke a Birtaniya, tun 2010 doka ta hana ɗaura wa kare ko kyanwa mai shokin ɗin. Saye ba shine laifin ba, ɗaurawa ne laifi, kuma ba wasa suke ba don a 2011 kotu ta ci wani mutum tarar fam 2,000 akan ya sa wa karensa. Amma kar ka ɗauka duk ƙasar haka take, kana tsallaka gadar kogin Severn ka shiga Ingila magana ta canza, can gwamnati ta ce za ta hana tun 2018, har aka sa 1 ga Fabrairu 2024 a matsayin ranar farawa, ranar ta zo ta wuce ba a zartar ba. Holan sun hana daga farkon 2022. Jamus kuma a wannan lokacin suka hana mai haƙoran ƙarfen, har sai da 'yan sandan Berlin suka ajiye wasu karnukansu na ɗan lokaci saboda da irin matse wuyan aka horar da su. Kaga kenan su kansu Turawan da kake kafa hujja da su ba bakinsu ɗaya ba, kuma inda ake tafiya hanawa ake ba ƙarawa ba.

Mu Hausawan nan kam yawancinmu ba ma ajiye kare, wannan bai canza ba. Gidajen ƙanana ne, a ɗaki ɗaya ake zama ake sallah, kuma hadisin raguwar lada ga wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, kowa ya san shi. Maƙwabtanmu Somaliyawa da 'yan Yaman na Cardiff ma sun fi mu tsanani tunda su Shafi'iyya ne, kare najasa ne mai kauri a wajensu, mu kuwa a Malikiyya ka san ba a ɗauki jikinsa najasa ba. Amma ko baka ajiye ba dole ka zauna da shi, yana cikin bas, yana filin da yaranka ke ƙwallo, yana gidan abokin aikinka kwance kan kujera. Yaranmu da aka haifa nan basa gudu in sun ga kare, a makaranta ake koya musu su tambayi mai shi kafin su taɓa, kuma wlh in yaro ya ga wani ya ɗaga sanda zai doki kare shi zai fara cewa a kira RSPCA, wato ƙungiyar da ke bin kadin dabbobi. Tun 2021 wanda aka kama da azabtar da dabba zai iya shan ɗaurin shekara 5. Da farko tsoron doka ne yasa manyanmu suke kama kansu, a hankali kuma sai mutum ya ga abin ya dace da abin da ya karanta tun yana allo, matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare ruwa. Ni dai ban ga yadda za a yi mutum ya yarda da waɗannan sannan ya zauna kan kujera yana danna wa dabba wuta a wuya ba.

Akwai waje ɗaya da maganar ke da nauyi, kuma ba zan ɓoye ma ba. Wales ƙasar tumaki ce, sun ninka mutane yawa, kuma karnukan 'yan birni da ake saki a karkara suna bin garke su yayyaga tumaki, masu ciki su yi ɓari. Doka ta ba manomi dama ya harbe karen in babu wata hanyar tsayar da shi. Shine wasu manoma da masu horar da karnuka suke cewa gara shokin na daƙiƙa ɗaya da harsashi, a dawo musu da shi. Ban raina maganarsu ba, wanda ya ga tunkiyarsa da hanji a waje ba za ka ce masa ya yi haƙuri kawai ba. Sai dai igiya ma tana maganin wannan, in ka riƙe karenka a igiya kusa da garke shikenan. Sannan jami'ar Lincoln ta gwada a 2020 da karnuka 63, wasu da shokin a hannun ƙwararru wasu da lada ta abinci, waɗanda aka koya wa da lada sun fi saurin amsa kira. A hannun ƙwararru fa kenan, ba wanda ya buɗe kwali yau ya ɗaura gobe ba.

Kuma naka karen ba tumaki yake bi ba Yaya. Yadda ka faɗa min, haushi yake yi ba tsayawa, yana zabura kan yara da masu kawo ruwa. Karen da ke wuni a kejin ƙarfe cikin zafin Kano, ba a fito da shi sai dare, me kake so ya yi in ba haushi ba? Irin nasa ma jinsin aiki ne, an yi shi don ya wuni yana zirga-zirga. Haɗarin da nafi ji ma shine wannan: kare ba ya sanin kai ne ka danna, abin da ke gabansa lokacin da wuta ta ja shi, shi yake ɗora wa laifi. In almajiri ya leƙo ya yi haushi ka danna, gobe ma haka, abin da ya koya shine duk sanda yaro ya zo wuyana na ciwo. Gurnanin zai daina don yana tsoro, kai kana murna ya natsu, alhali gargaɗin kawai ka kashe, ranar da ya samu sarari cizo zai yi ba sanarwa. Ga kuma gyambon da ƙarafan ke yi in an bar su a wuya tsawon yini, balle da gumi da ƙura.

Kuma ai ba daga Turai aka fara sanin horar da kare ba. Mafarautanmu da ke fita da garken karnuka, fito ɗaya za su yi duk su juyo, babu batir babu rimot, tun suna 'yan kwikwiyo suke tare, mafarauci shi ke basu abinci da hannunsa, in an kama nama suna da rabonsu. Haka na Fulani da ke bin shanu. Suratul Ma'ida aya ta 4 ma ta ambaci koyar da dabbobin farauta. Abin da masu horo a nan suke karɓar kuɗi su koyar kusan shi kenan, ka kira sunansa in ya zo ka bashi ɗan nama nan take, ba bayan minti biyar ba, ka maimaita kullum har ya zauna masa.

Don haka abin da zan sa ma a kaya shine bel na ƙirji wanda baya taɓa wuya, da doguwar igiya, da takunkumi mai kamar kwando wanda zai iya haki ya sha ruwa da shi, don in za a yi baƙi. Kai kuma ka matsar da kejin inuwa, a riƙa zagayawa da shi da asuba da bayan la'asar, mutum ɗaya ya riƙa kula da shi ba yau maigadi gobe direba ba, kuma dan Allah ka kai shi wajen likitan dabbobi a duba ko an yi masa allurar haukan kare, tunda yara na shigowa gidan. Ka auna min faɗin ƙirjinsa da tef ɗin tela ka turo kafin ƙarshen wata, mai tafiyar da zai kawo ma kayan ba zai jira ba.