Ruɓar katako ce ta ci jirgin Black Joke

Yaro, ka tambaye ni dalilin da ya sa aka ƙone jirgin ruwan yaƙin nan na Ingila, Black Joke, tun bai cika shekara biyar a bakin aiki ba, alhali ka ji ana yabon gudunsa, kana kuma son sanin ko za mu sami irin wannan gudu idan muka rage kaurin katakon jiragenmu. Tambayar farko tana da ma'ana. Ta biyun kuwa irin taku ce ta samarin yanzu, waɗanda gudu kaɗai ke burge ku.

Asalin jirgin na masu fataucin bayi ne daga Burazil, sunansa Henriqueta, yana kwasar mutane zuwa Bahiya, can Burazil ɗin, inda aka kai Hausawa da yawa a wancan zamani. A shekarar 1827 jirgin sojan ruwan Ingila mai suna Sybille ya kama shi da bayi 569 a cikinsa, sai shugaban rundunar, Francis Collier, ya saye shi, ya sauya masa suna, ya sa shi farautar 'yan'uwansa jiragen bayi. Iska ce ke tura shi, kuma igwa biyu kacal gare shi. Duk da haka, a watan Fabrairun 1829, a ƙarƙashin Laftanar Henry Downes, ya bi jirgin Sifaniyawa El Almirante mai igwa 14 har na awa 31, ya ci shi da yaƙi, aka 'yanta mutum 466. A 1831 ya sake kama wani mai suna Marinerito kusa da tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko, daura da gaɓar Kamaru. Amma da masu duba jirgi suka bincike shi a 1832, sai suka tarar katakonsa ya ruɓe, aka cinna masa wuta a Saliyo.

Wannan ruɓa ita ce ta raba ni da kuɗina da wani ɗan kasuwa wanda har yau ba na amsa gaisuwarsa da daɗin rai. Ya zo yana son jirgin dakon kaya da zai riga na kowa isa kasuwa. Na ce masa maɗaci busasshe ko kawo za a saya, ya ce ya yi tsada, shi zai kawo nasa katakon, ya rantse mini cewa ya shekara a inuwa yana shan iska. Ya jera busassun a saman mota inda zan duba, ɗanyun kuma ya shafa musu baƙin mai ya cusa a ƙasa, aka sauke su ranar da na tafi jana'iza, yarana suka hau aiki a kansu. Damina biyu jirgin ya yi, haƙarƙarinsa suka yi laushi, ƙusoshi suka fara zamewa, ruwa ya jiƙa masa buhunan masara. Ya hana ni ragowar kuɗina, ya bi tasha-tasha yana cewa ban iya aiki ba, har wasu biyu da suka riga suka ba ni kafin alƙalami suka karɓe abinsu. Da muka je gaban sarkin ruwa, na sa gizago na sari haƙarƙari ɗaya, kowa ya ga cikinsa baƙi yana ɗigar ruwa, amma aka ce mu yi haƙuri da juna. Haƙurin nan ni kaɗai na biya kuɗinsa.

Ba zan ɓata bakina kan yadda ake toshe kafa da auduga da kwalta ba, wanda bai san wannan ba, to, ya koma tallan rake. Gudun jirgi yana fitowa ne daga siffar cikinsa da tsinin hancinsa, kuma can ake rage nauyi, amma haƙarƙari da katakon ƙasa ba a taɓa kaurinsu. Ruɓa tana farawa ne daga ciki, a mahaɗar katako inda ruwa ke kwana iska ba ta shiga, shi ya sa jirgi yakan yi kyau a ido alhali ya gama mutuwa. Duk katakon da mai aiki ya kawo da kansa, ka sa a sauke motar gaba ɗaya a gabanka, ka ƙwanƙwasa kowanne ka ji ƙararsa, ka kuma sari na ƙasan kafin ka karɓi ko sisi daga hannunsa.