Na cika kalanda da karatun dare, amma na kasa bin ta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu a jami'a. Zangon da ya wuce na faɗi kwas biyu, shi ya sa wannan karon na buɗe Google Calendar na tsara karatu kullum daga tara na dare zuwa ukun dare. Sati biyu na jure. Yanzu wayar na ƙara ina kashewa, a lacca kuma gyangyaɗi nake yi. Wata ƙawata ta ce akwai ƙwayar hana barci da take saye a kemis, na kuma ga ana tallar maganin kaifin ƙwaƙwalwa a TikTok. Saura sati shida jarrabawa, kuma da ƙyar mahaifina ke biyan kuɗin makaranta. Hankalina a tashe yake. Yaya zan yi in bi tsarina?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Ki kwantar da hankalinki, sati shida na isar mai kwas biyu a wuya in an yi amfani da su yadda ya kamata. Amma wannan tsarin naki kada ki bi shi. Ki buɗe kalandar yanzu ki goge tara-zuwa-ukun nan, in ta tambaye ki na yau kaɗai ko duka, ki ce duka.

Sai ki sake gini daga abin da ba ya motsi: barci, salloli biyar, laccoci, girki, wanki, layin ɗiban ruwa in a hostal kike. Ki ba su launi ɗaya. Abin da ya rage fari shi ne ainihin lokacin karatunki, kuma za ki ga bai wuce awa uku ko huɗu a rana ba. Kada ki raina shi. Ki yanka shi gida-gida, minti arba'in zuwa hamsin, kowane gida da sunan aikinsa. Kalmar "karatu" ita kaɗai ba aiki ba ce. Ki rubuta "tambayoyin bara, na ɗaya zuwa na biyar" ko "babi na uku, in rufe handawut in rubuto abin da na tuna". Duk aikin da kika ga zai ci awa ɗaya, ki ba shi ɗaya da rabi. A wani bincike da aka yi a Kanada aka wallafa a 1994, ɗalibai sun ƙiyasta za su gama kundin kammala digiri cikin kwana 34, sai da ya ci musu kusan 56. Ki kuma bar yammaci biyu a mako babu komai, domin kin san halin malamanmu, sai a kwana biyu ba a zo aji ba, rana tsaka a sa lacca ranar Asabar.

Ɗan abin da kalandar waya ta fi takarda da shi shi ne bita. Duk darasin da kika karanta yau, ki saka masa gidan bita gobe, da bayan kwana uku, da bayan mako, da bayan mako uku. Da hannu za ki saka, don maimaitawar da ke cikin manhajar tazara ɗaya take bi. Tun 1885 Bajamushen nan Ebbinghaus ya auna yadda abin da aka haddace ke zubewa da sauri a kwanakin farko, amma ke ba sai an kai ki Jamus ba: wane alaramma ne ke barin almajiri ya yi ta ƙarin allo ba tilawa?

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na zaɓi wasiƙarki a cikin sauran, domin kusan kullum sai wani ya shigo ofishina da shi. An cusa wa ɗalibanmu cewa mai ƙoƙari shi ne wanda ya kwana a aji. Da an shiga watan jarrabawa sai ka ga yara da bargo da fulas suna tururuwa ajujuwa bayan isha'i, wasu har da tsoma ƙafa a bokitin ruwan sanyi, da safe ana ta alfahari wane bai runtsa ba. Ni na sha tsaron jarrabawa, na san yadda suke ƙarewa. Yaro ya zauna ya ƙura wa takarda ido, ya rantse maka jiya ya karanta wannan shafin, har ya tuna gefen da zanen yake, amma abin da ke ciki ya ɓace. Sai a koma ana cewa an yi masa asiri ko malami ne mugu.

Babu wani asiri. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke ɗaukar abin da aka koya da rana ta adana shi inda zai daɗe. Wanda ya karanta bai yi barci ba, ya yi ɗinki ne bai ƙulle zare ba. Kuma asarar biyu ce, don gajiyayyar ƙwaƙwalwa ba ta karɓar sabon darasi washegari, wato laccar da kike gyangyaɗi a cikinta ita ma ta tafi. A 1997 masu bincike a Ostareliya sun nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, natsuwarsa da saurin aikinsa kan faɗi zuwa matakin wanda ya kurɓi barasa. Ke da ko warinta ba ki taɓa ji ba, a wannan halin kike shirin shiga ɗakin jarrabawa. Mai shekarunki na buƙatar awa bakwai zuwa tara. In kin kwanta uku kin tashi asuba, nawa kika samu?

Maganar ƙwaya kuwa, a nan raina ke ɓaci. Ban san me ƙawarki ke sha ba, ina kuma kyautata zaton ita ma ba ta sani ba, an dai ɓare mata a leda. In maganin kafeyin ne, wato sinadarin nan da ke cikin kofi da goro, rabinsa na nan a jini bayan kamar awa biyar, ga bugun zuciya, ga rawar hannu, ga shi in kin so barcin ma ya ƙi zuwa. In kuwa tiramadol ce, kamar yadda wasu marasa tsoron Allah ke miƙa wa yara da sunan maganin gajiya, to dangin su kodin ce mai sa kamu, tana kuma jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba. Da irin wannan "ɗan taimako" aka fara da kodin, har sai da gwamnatin Najeriya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, bayan ya cinye matasa da matan aure ba adadi. Masu tallar kaifin ƙwaƙwalwa kuma, da a ce kwalbarsu na aiki, da 'ya'yansu ne ke zuwa na ɗaya a kowace makaranta. Za su nuna miki lambar NAFDAC. Ki juya kwalbar ki karanta ƙananan rubutun: a kan yawancin magungunan gargajiya masu rajista an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Wannan in lambar ma ta gaske ce. Kuɗin da mahaifinki ya sha wahala ya tara, kada ki kai wa mai riƙe da waya yana ihu.

Ki mayar da karatun kwas biyun da kika faɗi zuwa bayan sallar asuba, lokacin da hostal ya yi tsit kuma kanki na wasai. Ki kashe duk tunatarwa sai ɗaya, minti goma kafin kowane gida, in ta yi ƙara ki kashe data ki kifa wayar. Ranar Juma'a da yamma ki duba makon: abin da bai samu ba ki ja shi zuwa yammacin da kika bari fari, ba kan lokacin barci ba. Daren kowace jarrabawa kuma tun yau ki saka masa kwanciya ƙarfe goma.

Ƙawar taki ki lallaba ta ku je asibitin makaranta tare, ta tafi da ragowar ƙwayar a hannu likita ya gani. In ta daɗe tana sha, kada ta yanke lokaci ɗaya ba tare da shawararsa ba.