Hukuncin yaron da aka kama da ƙwacen waya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗan ƙanwata ne, shekararsa 14. Mahaifinsa ya saki uwarsa tun yana ƙarami, bai sake waiwayarsu ba. Da ta yi wani auren, mijin ya ce ba zai riƙe agola ba, sai yaron ya koma wajen kakarsa, tsohuwa ce da ko gani ba ta yi sosai. Makon jiya shi da wasu samari biyu suka tare wata mata da magariba suka ƙwace mata waya, ɗayansu riƙe da wuƙa. Manyan sun tsere da wayar, shi aka kama, mutanen unguwa suka lakaɗa masa duka, yanzu yana hannun 'yan sanda. Kan dangi ya rabu: wasu sun ce a bar shi ya dandana kuɗarsa, wasu sun ce a karɓo shi a kai shi gidan mari. Shin akwai haddi a kansa? Wa zai biya wayar? In na tsaya masa, na taimaki ɓarawo ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri, ya ɗan'uwa, da ka tsaya ka tambaya kafin a yanke shawarar da za a yi da-na-sani a kanta.

Farkon abin da za a tantance shi ne ko yaron ya balaga, domin hukuncin gaba ɗaya a kan wannan ya rataya. Manzon Allah (SAW) ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da mahaukaci har ya samu hankali. Abu Dawuda da wasunsa suka ruwaito shi. Balaga a mazhabarmu ta Malikiyya ana gane ta da mafarki, ko tsirowar gashin mara, ko haila da ciki ga mace. In babu ko ɗaya daga cikin alamomin nan, sai a koma ga shekaru, kuma mashahurin zance a Malikiyya shi ne 18. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ce 15, hujjarsu hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke Bukhari da Muslim, cewa an mayar da shi gida ranar Uhudu yana ɗan shekara 14, aka karɓe shi ranar Khandaƙ yana ɗan 15. Ka ga ke nan ɗan shekara 14, ta fuskar shekaru, bai kai ba a wajen kowa daga cikinsu. Saura alamomin jiki, wannan kuwa alƙali ne ke bincikarsa a cikin sutura, ba taron unguwa ba.

Idan bai balaga ba, babu haddi a kansa, ba na sata ba, ba na fashi ba, kuma babu ƙisasi. Imamu Malik ya faɗa a Muwaɗɗa cewa babu ramuwa a tsakanin yara, gangancinsu ana ɗaukarsa kuskure ne matuƙar ba su balaga ba. Samarin da suka ja shi kuwa, in baligai ne, kasancewar yaro a cikinsu ba ya sauke musu komai a wajen mafi yawan malamai, kuma tare hanya da makami laifinsa ya fi na sata girma. Idan ma an tabbatar yaron ya balaga, to alƙalami ya hau kansa tsakaninsa da Allah, amma zartar da hukunci aikin hukuma ne kaɗai. Dukan da mutanen unguwa suka yi masa bayan sun riga sun kama shi zalunci ne, ba shi da gurbi a shari'a, kuma duk wanda ya ji masa rauni yana da hakkinsa a wuya.

Sai dai kada kowa ya fahimci ɗauke alƙalami da cewa shi ke nan an tashi babu komai. Zunubi da haddi ne suka faɗi, hakkin matar nan yana nan daram. Malamai sun tafi a kan cewa yaro mai wayo yana lamunin abin da ya ɓarnata na mutane: in wayar tana nan a mayar mata, in ta salwanta a biya ƙimarta daga dukiyarsa, in ba shi da komai ya zama bashi a kansa har ya samu. A asali ba a tilasta wa uba ko kawu su biya daga aljihunsu, sai in su suka sa shi. Amma ina ba ka shawara, in da hali, ku haɗa kuɗin ku biya ta, ku je har gida ku ba ta haƙuri, yaron yana tare da ku yana jin abin da ya jawo da bakinta. Wanda aka tsorata da wuƙa da magariba ba kuɗin waya kaɗai ya rasa ba.

Abin da ya rage a kan yaron shi ne ladabtarwa, wadda malaman fiƙihu ke kira ta'adibi, kuma manufarta gyara. Duk abin da aka san zai ƙara lalata shi ya fita daga wannan suna, ko da an kira shi horo. A nan ne nake so in ɗan tsaya, domin mu kan yi gaggawar tambayar wace uƙuba ce ta dace, mu manta da tambayar da Annabi (SAW) yake fara yi. Abbadu ɗan Shurahbila ya ba da labari cewa yunwa ta kama shi a wata shekara ta fari, ya shiga wata gona a Madina ya murje zangarniya ya ci, ya ƙulle saura a tufarsa. Mai gonar ya zo ya doke shi ya ƙwace tufar. Da aka je gaban Manzon Allah (SAW), mai gonar ya fara fuskanta, ya ce masa: ba ka koyar da shi ba lokacin da yake jahili, ba ka ciyar da shi ba lokacin da yake jin yunwa. Ya sa aka mayar masa da tufarsa, ya kuma ba shi abinci. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito shi. Haka Sayyidina Umar ya yi da bayin Haɗibu da suka sace raƙumar wani mutumin Muzaina suka yanka. Da ya gane ubangidansu yana barinsu da yunwa, sai ya juya kan Haɗibu, ya ci shi tarar ninkin kuɗin raƙumar, dirhami 800 a maimakon 400. Wannan ma yana cikin Muwaɗɗa.

To a labarin da ka kawo, wa ya bar yaron nan? Uban da ya yi saki ya ɗauka ya saki 'ya'yan tare da uwarsu, alhali ciyar da ɗa namiji wajibi ne a kansa har ya balaga yana iya nema, kuma Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa. Sai dangin da suka bar wa tsohuwa mai raunin gani tarbiyyar yaro mai tashen ƙuruciya. Yaron da babu mai tambayarsa inda ya kwana, daba ce za ta tambaye shi, ta ba shi abinci da suna da kariya, sannan ta miƙa masa sholisho da ƙwaya. Sunan ne kawai ke canzawa daga gari zuwa gari, 'yan daba a Kano, ƙauraye a Katsina, kalare a Gombe, sara-suka a Bauchi da Jos, 'yan shila a Yola, amma ƙofar shiga ɗaya ce. A bayansu kuma akwai manya masu cin riba: dilan ƙwaya, wanda haramta maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 bai sa ya rufe kasuwarsa ba, ɗan siyasar da ke ɗaukar su banga lokacin zaɓe ya watsar da su da makamai a hannu, da mai sayen wayar sata a kasuwa yana sane, wanda ba don shi ba da ƙwacen bai zama sana'a ba. Waɗannan duk baligai ne masu hankali, alƙalami yana rubutu a kansu. Ban faɗi wannan don in wanke yaron ba. Ɗan shekara 14 ya san ƙwace mugun abu ne, dole kuma ya ji a jikinsa cewa ya yi laifi.

Game da tsaya masa: ya halatta, har ma ina ganin ya wajaba a kanka in babu wani. Annabi (SAW) ya ce ka taimaki ɗan'uwanka yana mai zalunci ko wanda aka zalunta, ya kuma fassara taimakon azzalumi da hana shi zaluncin. Cetonsa da aka hana shi ne shiga tsakani don a kayar da haddin da ya riga ya tabbata a gaban shugaba, kamar ƙissar matar nan 'yar ƙabilar Banu Makhzum da ta yi sata, aka nemi a cece ta Annabi (SAW) ya ƙi, a nan kuwa, in yaron bai balaga ba, babu haddi. Abin da bai halatta ba shi ne ka yi ƙarya cewa ba ya wurin, ko ka rage masa shekaru, ko ka ba da cin hanci a ɓatar da maganar a bar matar da asara, ko ka ɓoye sunayen manyan da suka tsere.

Ka nemi lauya ko wani wanda ya san doka, domin dokar ƙasa ma ta bambanta yaro da babba. Dokar kare hakkin yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, ta tanadi kotun iyali da za ta saurari shari'arsa, kuma jihohi da dama sun yi tasu dokar a kan haka. Akwai gidajen ajiye yara, kamar na Goron Dutse a Kano, da makarantar gyaran hali ta Kiru, da cibiyoyin horar da matasa na tarayya a Kaduna da Ilori da Abeokuta. Wuraren sun yi kaɗan ƙwarai idan aka duba yawan jama'a, shi ya sa yara kan ƙare a ɗaki ɗaya da manyan masu laifi, wani lokaci watanni suna jiran shari'a. Kowa ya ga yaran da aka gurfanar a babbar kotun tarayya a Abuja a watan Nuwamban 2024 bayan zanga-zangar watan Agusta, wasunsu suna faɗuwa a gaban alƙali saboda galabaita. Haɗa yaro da gogaggun 'yan fashi bai halatta ba, domin an tura shi ya gyaru ne sai aka haɗa shi da malaman ɓarna. Don haka ka dage a tabbatar da shekarunsa a rubuce, a raba shi da manya, a ba da belinsa a hannunka ko a kai shi inda aka tanada don yara. Masu cewa a bar shi ya dandana kuɗarsa su tuna cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Gidan mari kuwa, in ana nufin inda ake sa wa yaro sasari a ƙafa, a bar shi da yunwa, a yi masa dukan da ke fasa fata, haramun ne ka kai shi, ko da ana karatun Alƙur'ani a wurin. Annabi (SAW) ya hana a wuce bulala goma in ba a haddi ba, ya kuma hana dukan fuska. Abin da aka gani a gidan da 'yan sanda suka buɗe a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, inda aka fito da mutum sama da 300, da yawansu da tabon azaba, ya isa hujja. In ka sami makarantar da hukuma ta san da ita, wadda za ka iya shiga ka gan shi duk lokacin da ka so, babu laifi.

Abin da na fi zaɓa maka, in Allah ya sa aka ba ka shi, ka ɗauke shi daga unguwar ka riƙe shi a gidanka. A kai shi asibiti a duba ko ya fara shaye-shaye, domin wanda ƙwaya ta kama magani yake buƙata tare da nasiha. A mayar da shi makaranta, a haɗa shi da mai sana'a amintacce da zai riƙa sallamarsa, ya biya wani abu na kuɗin wayar da guminsa. Mahaifinsa kuma a neme shi ta hannun manyan danginsa ko mai unguwa. In ya ƙi, uwar tana da damar kai shi kotun shari'a ko ofishin Hisba a tilasta masa ciyarwa.

Wallahu a'alam.