Kazata ta takure, ta daina cin abinci

Tambaya: Ina da kaji bakwai a gida. Kwana biyu ke nan ɗaya ta takure a lungu, ta saki fukafukai, ba ta ci, kashinta kore tsulu-tsulu. Mako guda da ya wuce na sayo zakara a kasuwa na haɗa su. Na ba ta kafso da barkono a ruwa, ba canji. Me zan yi? — Mai karatu daga Kurna, Kano.

Amsa: Hajiya, sannu. Alamun nan, ga sabon zakara, ga hunturu, sun fi kama da fakat, cutar kaji mai saurin yaɗuwa da ake kira Newcastle. Cutar kan ɗauki kwana 2 zuwa 15 kafin ta bayyana, kuma kajin kasuwa ne suka fi yawo da ita. Idan kazar ta fara buɗe baki tana neman iska, ko wuyanta ya murɗe, zargin ya ƙara ƙarfi. Kafso ba ya kashe ƙwayar fakat, barkono ma haka. Jinya ce ta rage.

Ki ware ta yau, ki ware zakaran shi ma daban. Ki sa ta a kwali mai buntun shinkafa, inda iska ba ta bugawa. Rashin ruwa ne ke saurin kayar da ita, don haka ki narka cokali ɗaya na sukari a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Idan ta ƙi sha, ki ɗauki sirinji marar allura, ki riƙa ɗiga mata a gefen baki, ki bar ta ta haɗiye da kanta. Don Allah kada a yi mata ɗura: ƙofar numfashinta tana nan a gindin harshe, ruwa ya faɗa can sai huhu. Abinci kuwa, jiƙaƙƙiyar dusa da dafaffen ƙwai, kaɗan-kaɗan.

Idan jini kika gani a kashin, wannan wata cutar hanji ce daban, kuma tana jin maganin amprolium na kwana 5 a ruwan sha.

Sauran shidan su ne abin ceto. Ki fara ciyar da su kafin ki je wajen marar lafiyar, ki wanke hannu da mazubi da sabulu. Ki ga likitan dabbobi kan rigakafin fakat mai suna Lasota, wanda masu lafiya kaɗai ake bai wa. A ƙanƙara za a kawo shi, a hana kajin ruwa na awa biyu, a haɗa shi a ruwan shansu, su shanye shi cikin awa biyu da haɗawa. Ruwan famfo mai kulorin yana lalata shi. Nan gaba, duk kazar da kika sayo ta yi mako biyu ita kaɗai.

Idan kaji suka fara mutuwa farat ɗaya, zanko ya kumbura ya yi shuɗi, ki kai rahoto asibitin dabbobi nan take, domin murar tsuntsaye ta shigo Kano tun 2006 kuma tana kama mutum. Kada a yanka don miya. A binne gawar a rami mai zurfi, yara kada su taɓa.