Bakin Bargo Ke Fara Cinyewa: Amsoshin Tambayoyinku

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa, tambayoyin da ke zuwa mini daga Jos sun koma na abin rufa. Ba mamaki. Garin da ke zaune a kan tudun da ya kai mita 1,200, a Disamba da Janairu ko ruwan alwala sai an ɗumama. Na tsamo huɗu da suka shafi bargon ƙyallaye, wato wanda ake harhaɗa guntattakin atamfa, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a yi masa shafi, sannan a bi shi da ɗinki.

"Anti, barka da sanyi. Wata bakwai ke nan ina haɗa bargo da ragowar atamfofina da zannuwan marigayiya mahaifiyata, zan sa wa 'yata cikin kayan ɗaki. Gadon shida-da-shida ne. Komai ya kammala, saura baki. Wata maƙwabciyata ta ce in sayi bayas ɗin nan na nannaɗe wajen masu kayan teloli a Terminus in huta, wata kuma ta ce in sayi yadi in yanka da kaina. Biki ya matso. Wanne zan yi?" Uwar amarya, Unguwar Rogo.

Allah ya jiƙan Mama, ya kuma sa albarka a auren. Ƙanwata, maƙwabciyarki ta biyu ce ta faɗa miki gaskiya. Aski ne ya zo gaban goshi, kada ki bari gajiya ta sa ki ɓata aikin wata bakwai saboda yadi ɗaya.

Bayas ɗin kasuwa ba don bargo aka yi shi ba. Na wuyan riga ne da bakin hannu: siriri ne, falle ɗaya ne ke hawa kan baki, kuma galibinsa na roba ne. Shi kuwa bakin bargo hawa uku ne, ga fuska, ga auduga, ga shafi, kuma duk wahalar bargo a kansa take ƙarewa. Shi ake ja zuwa haɓa da asuba, shi ke gogar katakon gado, shi ke share ƙasa, shi mai wanki ke kamawa ta murɗe. Tsakiyar bargo tana nan fes, baki ya riga ya yi gashi. Iyayenmu da suka rufa da gwado da luru ba su san wannan matsala sosai ba, domin saƙa ce, gefenta a kame yake fitowa daga hannun masaƙi. Namu kuwa yankakken yadi ne ta ko'ina, in ba a killace shi ba sai ya warware.

Ga lissafin. A ce bargonki inci 90 ne ta kowane gefe, yadda zai sauko a gefen katifa. Kewayensa inci 360 ke nan. Ki ƙara 12 saboda kusurwoyi da mahaɗa, ya zama 372. Za ki yanka ziri-ziri mai faɗin inci 2 da rabi. In kin cire gefen atamfa inda ake buga suna (ki cire shi, ya fi sauran tauri, yana tattare ɗinki), faɗin da zai rage miki wajen inci 44 ne. Ziri tara ya isa, wato inci 22 da rabi na tsawon yadin. Ki sayi yadi guda cur, ragowar ki naɗe ki ba amarya ta ajiye, ranar gyara za ta tuna da ke.

A miƙe za ki yanka ko a karkace? In kusurwoyin bargon a tsaye suke, yankan miƙe ya wadatar, ya fi sauƙi, bai kuma cin yadi. Amma ni da wannan bargo nawa ne, a karkace zan yanka. Dalili: a yankan miƙe, zare ɗaya ko biyu ne ke kwance a kan ninkin daga farko har ƙarshe, ranar da suka cinye sai bakin ya tsage tsawonsa. A yankan karkace kuwa zaruruwan suna tsallaka ninkin ne a gicciye, gugar ta rabu a kan zare masu yawa. Yadin nan guda ɗaya zai ishe ki ko a karkacen ne. Bargon da ke ɗauke da zannuwan uwa ya cancanci wannan ƙarin wahala.

Wajen saye, ki nemi auduga zalla. In mai kanti ya rantse miki kina kuma shakka, ki zaro zare ki kusanta shi da ashana: auduga tana ƙamshin ƙonanniyar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Ki zaɓi launi mai ɗan duhu saboda ƙurar hunturu, ko atamfa mai ƙananan zane, domin manyan furanni ba sa fitowa a bakin da bai wuce rabin inci ba. Sannan ki wanke shi kafin almakashi ya taɓa shi. Auduga tana shiga a wankin farko, wani rinin kuma yana zuba. Ki jiƙa gefe ki danna a kan farin ƙyalle, in ya bar shaida ki ci gaba da ɗaurayewa har ruwan ya fito fari. Na taɓa yin ganganci da wani jan yadi da mai shi ya ce mini ko a teku ba ya zuba. Wanki ɗaya ya mayar mini da farin shafi ruwan hoda. Har yau bargon yana ɗakin yara, ba ya fitowa in an yi baƙi.

Sai ɗinki. Ki fara daidaita gefen bargon da almakashi, kusurwoyi su tsaya sak. Ki haɗa zirin a karkace, ba baki-da-baki ba, don kada mahaɗar ta yi ƙulli. Ki ninka shi biyu a tsawonsa ki goge. Ki ɗora a fuskar bargo, yankakken gefensa daidai da yankakken gefen bargon, ki fara daga tsakiyar wani gefe, ki bar jela ta kamar inci 8 ba ɗinki. Tazarar ɗinki daga baki kwatan inci. Idan saura kwatan inci ki kai kusurwa, ki tsaya ki kashe ɗinkin. Ki ɗaga zirin sama ya miƙe da gefen da za ki shiga, zai yi karkataccen ninki. Ki danne shi da yatsa, ki sauko da zirin ya kwanta a kan sabon gefen, ki ci gaba daga can sama. In kin zagayo, ki haɗa jelar farko da ta ƙarshe, ki juya zirin baya ya rufe layin ɗinkin, ki kama shi da allurar hannu, ɗinki ƙanana a ɓoye.

Wannan na hannun zai ci miki darare. In kin ga ranar jere ta ƙure, ki juya tsarin: ki fara ɗinka zirin a baya, ki ninko shi gaba, ki bi bakinsa da keke. Layin zai fito fili, amma ya fi na hannu jure wanki. Abin da ban yarda ba shi ne ki bar shi sai daren da za a kai kaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

"Hajiya, ina wuni. Ni ƙaramin tela ne, na fara karɓar aikin bargo. Da Butterfly na ƙafa nake aiki. Duk bakin da na kama sai ya yi ta lanƙwashewa kamar ganyen latas. Abokaina sun ce sai na sayi babban keke mai wuta. In ci bashi in saya?" Tela, Gangare.

A'a, ɗana, kada ka ci bashi. Laifin ba na keken ba ne. Haƙoran keke suna jan falle na ƙasa, ƙafar keke tana danne na sama tana tura shi gaba. A kan riga ba ka lura, amma a kan hawa uku mai tsawon inci 90 bambancin taruwa yake. In kuma kana jan zirin da hannu, musamman na yankan karkace mai miƙewa, ka ƙara wa Barno dawaki.

Ka sassauta sukurun da ke saman kan keken don ƙafar ta rage danna. Ka tsawaita ɗinki, kamar 8 zuwa 10 a inci guda, ka sa allura mai lamba 16. Kafin ka ɗora ziri, ka zagaye bargon duka da ɗinki ɗaya dab da baki, ya kame fallayen uku wuri guda. Ka kuma jawo tebur ko benci ta hagunka ya ɗauki nauyin bargon, domin in yana lilo a ƙasa shi ma ja yake yi. Akwai wata ƙafar keke mai nata haƙoran a sama, tana tafiya da yadin tare da na ƙasa. In za ka saya, ka tafi da tsohuwar ƙafar kekenka a gwada kafin ka biya. Babban keke sauri zai ƙara maka. In hannu bai gyaru ba, latas ɗin zai riƙa fitowa ne da sauri.

"Salamu alaikum. Ina aiki a Abuja, mahaifiyata tana Bukuru, ina so in saya mata bargon hannu. Na ga guda biyu wajen wata mai sana'a: ɗaya an kama bakinsa da wani yadi dabam, ɗayan kuma shafin aka ninko gaba aka kalmashe, ya fi araha. Wanne ya fi?" Wani ma'aikaci, Kubwa.

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya saka da alheri. Na kalmasar ba ha'inci ba ne, tsohuwar hanya ce ta masu tattali, kuma in an yi ta da kyau tana da tsabta. Illarta guda: ranar da bakin ya cinye, shafin ne ya cinye. Wanda aka kama da yadi dabam kuwa, sai a farke zirin a sa sabo, bargo ya dawo ango. In Hajiya kullum za ta rufa da shi, ka ƙara kuɗin ka ɗauki na farkon.

Amma kada ka saya da ido kawai. Ka matsa bakin tsakanin yatsu biyu: ya kamata ka ji auduga ta cika shi har ƙarshe, in ka ji fanko to zai karye ya tsage da wuri. Ka duba kusurwoyi huɗun, nan ne mai gaggawa ke ɓoye aibinta. Ka shimfiɗa shi a ƙasa ka ga ko ya kwanta lafiya. Sannan ka ɗaga shi ka ji nauyi. Mu 'ya'ya mukan ɗauka bargo mai nauyi shi ne gata, mun manta tsohuwa ce za ta juya a ƙarƙashinsa, kuma sanyin Bukuru na damina, wajen Agusta, ba ya barin kaya mai kauri ya bushe da wuri. Ka gaya wa masu yi mata wanki su shanya shi a kan igiya biyu, kada su rataye shi ta baki yana ɗigar ruwa.

"Anti, na samu wani bargon ƙyallaye mai kyau a gwanjon Katako, amma bakinsa duk ya zazzage. In saya ko in bari?" Ɗaliba, Farin Gada.

Ki ɗaga shi saitin rana, 'yata. In auduga a baje take ba ta dunƙule ba, fuskar kuma ba ta yi sharara ba, ki saya, ki kuma nuna wa mai shi bakin ya rage miki kuɗi. Ki wanke, ki yanke inda ya mutu ko da inci guda ne ta kowane gefe, ki sa sabon ziri yadda na bayyana wa uwar amarya. In bakin ya fi na kullum kauri, ki yanka zirin inci 3. Amma in kika ja yadin tsakiya a hankali kika ji yana ƙara kamar zai yage, ki ajiye masa kayansa ki wuce rumfa ta gaba.