Takardar Gwaji Ba Allon Ƙaddara Ba Ce: Amsoshi a Kan Fim Ɗin Gattaca

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Gombe, kuma ni nake kula da ƙungiyar muhawara ta ɗaliban aji biyar da shida, Musulmi da Kirista. Mun tara ɗan kuɗi domin mu sayi fim ɗaya na ƙagaggen labarin kimiyya, mu kalla sannan mu tattauna. Yaran sun fi son mai harbe-harbe, amma wani abokina ya nace in nemi Gattaca. Shin ya cancanci kuɗin, kuma ba zai rikita wa yara aƙida ba? Sannan faifai zan saya, kuma sai na haɗa da majigi? (Malami daga Pantami)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka bai ɓatar da kai ba, ka saye shi. Sai dai ka shirya wa ƙorafin yara na mintuna ashirin na farko, domin babu bindigar haske a cikinsa, babu dodon wata duniya, kuma kumbon da ake ta magana a kansa sai a ƙarshe za a ga jarumin ya shiga, sanye da kwat kamar mai zuwa ofis. Wataƙila wannan sanyin nasa ne ya kayar da shi a kasuwa. Andrew Niccol ne ya rubuta shi kuma ya ba da umarni, ya fito a 1997, an kashe kimanin dala miliyan 36 wajen shirya shi, amma abin da ya tara a gidajen sinima na Amurka bai kai dala miliyan 13 ba. Daga baya ne, bayan an kammala aikin karanta taswirar ƙwayoyin halittar ɗan Adam a 2003, aka riƙa komawa kansa ana cewa ashe ya hango nesa. Sunan ma da haruffa huɗu aka gina shi, G, A, T da C, waɗanda masana ke amfani da su wajen rubuta sinadaran DNA, wato abin da ke ɗauke da gadon halitta a jikin mutum.

Tun da kai ne za ka jagoranci tattaunawar, dole in ɓata maka labarin. A duniyar fim ɗin, masu hali ba sa barin haihuwa ta zo yadda ta zo. Sukan je asibiti a zaɓar musu ƙwan da ya fi inganci, a tace cututtuka da raunin gani da sauran abin da suke ɗauka aibi. Vincent, wanda Ethan Hawke ya fito a matsayinsa, an haife shi ne yadda aka haifi ni da kai. Yana faɗowa aka ɗiga jini daga diddigensa, na'ura ta karanto cewa yiwuwar ciwon zuciya a jikinsa kashi 99 ne cikin ɗari, kuma ana kyautata zaton ba zai wuce shekara 30 da 'yan watanni ba. Ka sa ɗalibanka su kalli fuskar uban a wannan wuri. Ana shirin raɗa wa jaririn sunan uban ne, da ya ji lissafin sai ya janye, ya adana sunan har aka tace masa ɗa na biyu. Duk Bahaushen da ya san nauyin a yi wa mutum takwara ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan wulaƙanci.

Vincent ya girma yana mafarkin zuwa sararin samaniya, amma aikin da jininsa ya ba shi damar samu a kamfanin kumbo shi ne shara da goge-goge. Sai ya sayi sunan wani, Jerome, gwanin iyo mai tataccen jini wanda ya koma kan keken guragu. Jude Law ne ya fito a matsayin. Kowace safiya Vincent yana kankare fatar jikinsa har ta yi ja domin kada ƙwayar fata ɗaya ta faɗi a ofis, yana manna jinin Jerome a ƙarƙashin fatar roba a kan yatsa, yana ɗaukar fitsarin Jerome a leda. Duk da wannan taka-tsantsan, gashin ido ƙwaya ɗaya da ya faɗi a baranda shi ya kusa tona masa asiri.

Yanzu ga batun aƙida. Kuskuren da na fi jin masu kallo suna yi shi ne su ce fim ɗin yana koyar da cewa ƙwazo yana rinjayar ƙaddara. In ka bari tattaunawar ta tafi a haka, lalle za ka rikita yara, kuma ka zalunci fim ɗin. Abin da Vincent ya rinjaya hasashe ne. Na'urar ba ta ce zai mutu ranar kaza ba, cewa ta yi akwai yiwuwar kashi kaza. Mutanen duniyarsa ne suka ɗauki wannan lissafi suka ɗora shi a gurbin Lauhul Mahfuz, suka rufe masa ƙofar makaranta da ta aiki da ta aure a kan abin da bai faru ba. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta yanke wannan magana, inda ta ce babu ran da ya san abin da zai aikata gobe, kuma babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. Laifin al'ummar Gattaca shi ne iƙirarin sanin gaibu da kwalbar jini, wanda bai bambanta da aikin ɗan duba ba sai a farar riga da tsabtar ɗaki.

Fim ɗin da kansa yana rushe wannan iƙirari ta ɓangarori biyu. Jerome, wanda aka tace domin ya zama na ɗaya, lambar azurfa ya ci, kuma nauyin zama na biyu ne ya sa ya jefa kansa gaban mota. Haka nan kisan da aka yi a kamfanin, wanda 'yan sanda suka tafi farautar mai gurɓataccen jini a kansa, ashe darakta ne ya yi shi, mutumin da ke taƙama cewa takardarsa ta nuna babu ɗigon tashin hankali a halittarsa.

Ga ɗalibanka Kiristoci kuwa, ƙofar a buɗe take tun daga daƙiƙar farko, domin fim ɗin ya fara ne da aya daga littafin Mai Hadishi, wanda wasu bugu ke kira Mai Wa'azi, sura 7 aya 13, mai cewa a dubi aikin Allah, wa zai iya miƙe abin da Ya tanƙware. Musulmin cikinsu za su tuna cewa farkon wanda ya kafa hujja da asalin halitta shi ne Iblis, a Suratul A'araf, da ya ce shi ya fi Adamu domin shi daga wuta aka yi shi, Adamu kuwa daga laka. Kuma in ka ga yaran sun fara zagin Turawa suna jin daɗi, ka dawo da su gida. Ka tambaye su sau nawa suka ji an hana saurayi mace a unguwarsu domin an bincika tushe an ce kakansa mahauci ne, ko wanzami, ko an ce asalinsu bayi ne. Mu ba mu da na'ura, amma muna da tsofaffi masu haddace salsala, kuma hukuncinsu ba ya da ɗaukaka ƙara. Aya ta 13 ta Suratul Hujurat, wadda ta sa fifiko a taƙawa, a nan ya kamata a karanta ta.

Kada kuma ka bar jarumin ya tsira ba tuhuma. Vincent maƙaryaci ne, da sunan wani ya ci jarrabawa, kuma ya ɓoye raunin zuciya alhali shi ne zai lissafa hanyar kumbo mai ɗauke da rayukan mutane zuwa Titan, ɗaya daga cikin watannin duniyar Zuhal. Shin zaluncin doka yana halatta algus? Likitan kamfanin, wanda ya san gaskiya tun da daɗewa kuma ya sauya sakamakon gwajin ƙarshe domin shi ma yana da ɗan da bai cika alkawarin da asibiti ta yi ba, mai jinƙai ne ko maci amana? A ganina wannan ce muhawarar da ta fi cancantar kuɗinku, kuma ba na jin fim ɗin ya amsa ta da adalci, domin kiɗan Michael Nyman yana tausasa zuciya har mutum ya yafe kafin ya yi tunani. Haka wurin da Vincent da ƙanensa suke gasar iyo cikin teku da dare, Vincent ya ce sirrinsa shi ne bai taɓa rage ƙarfin dawowa ba. Magana ce mai daɗi a kunne, amma duk wanda ya taɓa ganin an tsamo yaro daga ruwan Dadin Kowa ba zai kira wannan tawakkali ba.

Batun saye ba shi da tsawo. Kada ka sayi majigi saboda wannan fim. Hotonsa mai duhu ne, launin rawaya da kore sun rinjaye shi, kuma majigi mai araha a ajin da tagoginsa ba su da labule zai mayar da shi kamar hazo. Ka ari talabijin mai faɗi, ka sa kuɗin a lasifika mai kyau, domin maganganun a hankali ake yin su. In faifai ne, ka tabbata yana da rubutun magana na Turanci a ƙasa, ka kuma duba lambar yankin da ke bayan kwali, domin Nijeriya tana yanki na 5, faifan Amurka kuwa na yanki na 1 ne, kuma ba kowace na'ura ce ke karanta duka ba. In ta intanet za ka yi haya, ka fara lalubo fim ɗin a manhajar kafin ka biya kuɗin wata, ka tanadi data kamar gigabayit biyu domin tsawonsa minti 106 ne, kuma ka sauke shi tun da dare in manhajar ta yarda. Wanda ake turawa a waya a bakin kasuwa ba zan ba ka shawararsa ba. Ba zai yi kyau ka tara yara ku yi muhawara a kan algus da kayan sata ba.

Tambaya: Ɗana mai shekara goma sha uku ya ji yayyensa suna maganar fim ɗin, yana so in saya masa. In bar shi? (Wata uwa daga Azare)

Amsa: Hajiya, a Amurka an ba shi alamar PG-13, wato gargaɗi ga iyaye cewa wasu wurare ba su dace da 'yan ƙasa da shekara 13 ba, amma ma'auninsu ba namu ba ne. Akwai gajeren wuri na kwanciyar saurayi da budurwa, akwai shan giya da sigari, akwai gawa da jini, kuma a ƙarshe Jerome ya ƙone kansa a cikin tanda, an nuna abin cikin natsuwa da kiɗa kamar wata sadaukarwa. Wannan na ƙarshen ya fi damuna, domin Suratun Nisa'i aya ta 29 ta hana mutum kashe kansa, kuma yaro mai shekarunsa bai iya raba kyan hoto da kyan aiki ba tukuna. Ki jinkirta masa shekara biyu ko uku. In kuwa kin san zai gani a wayar yayyensa ko kin yarda ko ba ki yarda ba, to gara ki fara kallo ke kaɗai, sannan ki zauna da shi rimot yana hannunki.

Tambaya: Ina shirin aure. Dangin yarinyar sun ce sai mun biya an yi mana gwajin jini. Ni kuwa na kalli wannan fim, kuma na ga inda irin wannan hanya take kaiwa. Ba gara in bar wa Allah ba? (Wani saurayi daga Wunti, Bauchi)

Amsa: Ƙanena, ka je ka biya, kuma ka gode wa surukanka. Ka ɗauko darasin fim ɗin ta wutsiya. Abin da ya soka shi ne a auna darajar mutum da jininsa, a hana shi aiki da mutunci. Gwajin da ake nema a wurinka ba ya cewa wane ya fi wane. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da AS, wato ya gaji ƙwayar sikila daga ɓangare ɗaya kawai, kuma lafiyarsa ƙalau, yana noma yana kasuwa. Matsalar tana tasowa ne in AS ya auri AS, domin a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato sikila. Ka lura da kalmar kowane ciki. Ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai kamu ba, ana iya samun uku a jere, ana iya kuma rasa ko ɗaya. Wanda zai kwana yana kuka da ciwon ƙashi a gadon asibiti ba kai ba ne, yaro ne da ba a yi shawara da shi ba. Saboda irin wannan ne jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024.

Batun bar wa Allah kuwa, an riga ka yin wannan tambaya. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, ya yanke shawarar komawa da jama'a, sai Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Ya ce ƙwarai, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sannan ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka da raƙumansa a kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya busasshe, duk inda ya kora su da ƙaddarar Allah ya kora su. Bukhari ya ruwaito wannan.

Ku yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, lokacin da janyewa ba za ta zama abin kunya ga gidajen biyu ba. Ku yi shi a babban asibiti, irin asibitin koyarwa da ke nan Bauchi, kuma ku maimaita a wani wuri dabam, domin ana samun kuskuren sakamako. Ku je tare da ita da wani babba daga gidansu, kowa ya karɓi takardarsa da hannunsa. In sakamakon ya fito AS da AS, ko AS da AC, wanda shi ma haɗin yana iya haifar da wani nau'in sikila, ku nemi likita ya zauna da ku ya yi muku bayani kafin kowa ya buɗe baki a gaban dangi.